Waken suya na musamman ga shanun tatsa: mu nemo irin Amurka, ko namu ya wadatar?

Sakataren Ƙungiya:

Assalamu alaikum, masana. Tambaya ce a madadin wata ƙungiyar masu shanun tatsa a yankin Zariya. Shanun kashi biyu ne. Akwai Bunaji zalla, masu ba da lita 2 zuwa 3 a rana bayan maraƙi ya sha. Akwai kuma ruwa-biyu, barbarar Bunaji da Firiziyan, wato shanun Turai masu yawan madara, masu ba da lita 10 zuwa 14. Da rani abincinsu karan dawa ne da aka daddatsa, da harawa idan ta samu, da dusar masara, da ɗan kek ɗin angurya, wato abin da ya rage bayan an matse manta. Madarar kuwa wata ana kaiwa cibiyar tattarawa, wata mata ke yin kindirmo da man shanu da ita.

An yi ta yaɗa wani labari cewa a Amurka masu shanu sun koma wani waken suya na musamman, wanda ke ƙara madara da maiƙonta, har wasu 'yan ƙungiya suna cewa a haɗa kuɗi a nemo irinsa kafin damina. Mene ne gaskiyar wannan waken, kuma me ya sa ya samu karɓuwa a can? Zai yi a nan? Idan ba zai yi ba, waken suyan da muke nomawa da kanmu, yaya ake ba saniya shi ba tare da an yi ɓarna ba: ɗanye, soyayye, ko gara a sayar a sayi kek? Muna son amsa da awo, don mu karanta wa mutane a taron wata.

Malamin Kiwo:

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Waken gaskiya ne, amma da za a zuba maka shi a faifai kusa da namu ba za ka bambanta su ba. Furotin ɗinsu kusan ɗaya ne, yawan mai ma haka, kashi 18 zuwa 20 cikin 100. Bambancin yana cikin irin man. Man waken suyan da muka sani, fiye da rabinsa wani nau'i ne da ake kira linoleyik, oleyik kuwa bai cika wuce kashi 25 ba. A wannan sabon an juya lissafin: oleyik ya kai wajen kashi 75, linoleyik ya faɗo ƙasa da 10. Wato mansa ya fi kusa da man zaitun. Wanda ya fi bazuwa shi ne Plenish na Pioneer, kamfanin da yanzu yake ƙarƙashin Corteva, kuma iri ne da aka sauya wa ƙwayoyin halitta. Akwai Soyleic da ya fito daga Jami'ar Misuri, shi ta hanyar barbara aka same shi.

Ba don shanu aka ƙirƙire su ba ma tun farko. Masana'antun abinci ne ke neman man da zai jure wuta ba sai an daskarar da shi da haidurojin ba, domin an gano daskararren yana cutar da zuciya, har hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yanke hukuncin hana shi a 2015. Masu shanu daga baya suka shigo.

Abin da ya ja su shi ne wannan. Duk man da saniya ta ci, sai ya fara bi ta tumbi, inda ƙwayoyin bakteriya ke sarrafa shi. Idan linoleyik ya yi yawa, musamman idan tumbin ya yi tsami saboda yawan hatsi da ƙarancin ciyawa, sai bakteriyar su canja hanya, su samar da wani sinadari wanda 'yan giram kaɗan daga cikinsa, idan suka isa hantsa, sun isa su rage mata haɗa maiƙo. Sai ka ga madara tana nan da yawanta, amma maiƙon da yake kashi 3.8 ya koma 3 ko ƙasa. Shi ya sa aka yi wa waken suya na yau da kullum iyaka: wajen kilo 2 zuwa 2 da rabi a rana ga babbar saniya, kuma ɓarzajje, ba gari ba. Oleyik ba ya wannan ɓarnar sosai, don haka iyakar ta ɗaga. A Jami'ar Jihar Mishigan an gwada soyayyen wannan waken, niƙaƙƙe, har zuwa kashi 24 cikin 100 na busasshen abincin saniya, madara da maiƙo suka ƙaru maimakon su ragu.

To me ya sa kasuwa ta karɓe shi? Na farko, a yawancin Amurka ba lita ake biya ba, nauyin maiƙo da furotin da ke cikin madarar ake biya. Ƙarin maiƙo kaɗan a garken shanu 1,000 kuɗi ne da ake gani a takardar biya ta wata. Na biyu, saniyar Holstin ta can tana ba da fiye da lita 30 a rana a matsakaici, cikinta ba ya iya ɗaukar abincin da zai biya wannan aikin, dole a ƙara mata mai. Da ma suna sayen garin mai da ake yi daga manja, wanda asalinsa daga Malesiya da Indonesiya yake zuwa, ga tsada. Waken ya maye musu wani ɓangare na wannan man da wani ɓangare na kek a lokaci guda. Na uku, a jihohi irin su Mishigan da Ohayo da Indiyana, mai shanun shi ne mai gonar waken, ko maƙwabcinsa ne, kuma akwai masu injin suya da ke yawo da shi a mota gona-gona. Duk da haka a can ɗin ma ba kowa ya shiga ba. Dole a ware shi tun daga shuka har rumbu, domin idan ya gauraya da na gama-gari amfanin ya tafi, kuma ido ba ya gane gaurayen. Irin ma duk shekara sai an sake saya, doka ba ta yarda a ajiye daga girbi ba.

A nan fa? Waken suya da tsawon yini yake aiki. Irin da aka tsara don dogon yinin bazarar Mishigan, idan ka shuka shi a Zariya zai yi fure tun yana gajere, ya ba ka ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ire-iren da suka dace da mu su ne na IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, masu lambar TGx, irin su TGx 1448-2E da TGx 1835-10E da TGx 1951-3F, kuma abin da aka nema wajen samar da su yawan amfani ne da jure cuta da rashin fashewar kwanso a gona. Mansu na gama-gari ne. Ga kuma maganar izini, domin iri mai sauyayyun ƙwayoyin halitta ba ya shigowa Najeriya sai da amincewar NBMA, hukumar gwamnatin tarayya da ke sa ido kan irin waɗannan ire-ire.

Amma babban dalilin da zai sa ku bar kuɗinku a aljihu ba wannan ba ne. Saniyarku mai lita 12, wake kilo 1 take buƙata a rana. Iyakar da waken Amurka ya zo ɗagawa tana can wajen kilo 2 da rabi. Ba ku ma je kusa da ita ba.

Mai Injin Haɗi:

Malam ya gama da na Amurka, bari in ɗauki na gida. Ga ruwa-biyun nan, soyayyen wake ya fi ɗanye nesa ba kusa ba. A ɗanye, kashi 70 zuwa 75 na furotin ɗin a tumbi yake narkewa, wanda ya yi yawa ya zama amoniya ya fita ta fitsari. Idan aka soya daidai, rabinsa ko fiye yana wuce tumbi ya isa hanji, inda saniya ke amfana da shi kai tsaye. Suyar kuma tana kashe sinadarin da ke hana hanji narkar da furotin, da wanda ke sa garin ya yi saurin lalacewa.

Yadda ake yi. A sheƙe waken, a tsince duwatsu, kuma kada a haɗa sabon girbi mai danshi da tsoho busasshe a suya ɗaya, don ɗaya zai ƙone kafin ɗaya ya nuna. Ganga mai lita 200 da aka ratsa wa ƙarfe aka yi mata mariƙi, irin ta masu suyar gyaɗa, ta isa. A walda mata ƙarafa biyu ko uku a ciki su riƙa ɗaga waken, in ba haka ba zamewa kawai zai riƙa yi a gindi. Kada a cika ta, kilo 40 zuwa 50 ya isa. Wuta matsakaiciya, ana juyawa ba tsayawa. Yakan ɗauki minti 20 zuwa 30, amma ba agogo ake bi ba, zafin waken ake bi. Binciken da aka yi a Wiskonsin ya tsaya kan cewa waken ya fito da zafi wajen digiri 146 na salshiyas, sannan a rufe shi minti 30 kafin a sanyaya. Ma'aunin zafi mai tsinken ƙarfe, irin na masu gidan burodi, shi za ku saya. A ɗebo wake cikin gwangwani a soka tsinken a tsakiya, kada a auna jikin gangar.

Rufewar nan ita mutane suka fi tsallakewa, alhali a nan aikin yake. Wuta bayan ƙwayar take dafawa, rufewa ce ke kai zafin cikinta. Da an sauke a juye cikin wata ganga ko akwatin katako, a lulluɓe da buhunan algarara, ba na leda ba. Minti 30 na cika a baza a kan siminti mai tsabta, kaurin bai wuce faɗin tafin hannu ba, a riƙa motsawa. Wanda aka bari a tsibe ya kwana yakan ci gaba da dahuwa har tsakiyarsa ta yi baƙi, wani lokaci ma ya kama hayaƙi.

Gane ya yi: ɗauki ƙwaya goma daga wurare daban-daban, fasa kowacce. Cikin ya zama launin soyayyiyar gyaɗa tun daga baki har tsakiya. Idan gefe ja ne tsakiya fari, wutar ta yi yawa an kuma gajarta rufewa. Tauna: bai kamata ka ji gafi ba, bai kamata ka ji ɗaci ba. Wanda ya yi launin garin kofi ya wuce, furotin ɗinsa ya ɗaure da sukari, zai wuce tumbi ya wuce hanji ya fita a kashi yadda ya shiga. Akwai gwajin kwalba kuma. Niƙa cokali biyu, zuba a kwalba da ruwan ɗumi rabin kofi da ƙaramin cokali na takin yuriya, rufe, ajiye a rana rabin sa'a. Yi wata kwalbar da ɗanyen wake don kwatance. Ta ɗanyen za ta buge ka da warin amoniya. Idan ta soyayyen ma ta yi warin, bai soyu ba. Sai dai wannan gwajin ƙarancin suya kawai yake nunawa, ba ya nuna ƙuna.

Ku sa a lissafi cewa buhu mai kilo 100 zai dawo wajen kilo 90 bayan suya, ruwa ne ya fita.

Sai ɓarza. A fasa ƙwayar gida biyu zuwa huɗu, iyakarta ke nan. Mai injin niƙa ya saba da garin tuwo, in ba ka tsaya a kansa ba gari zai yi maka. Gari yana sakin man gaba ɗaya cikin tumbi, abin da Malam ya bayyana ya faru, kuma furotin ɗin da aka sha wahalar karewa ya koma narkewa da wuri. Ƙwayar da ba a fasa ba kuma wani kaso nata yana fita a kashi. Soyayye da ba a ɓarza ba yana yin watanni a busasshen ɗaki, ɓarzajje kuwa na sati ɗaya zuwa biyu kawai za a riƙa yi, musamman a zafin Maris da Afrilu, don da ya fara hamami da maƙaƙi shanu za su ture shi.

Haɗin kilo 100 ga masu lita 10 zuwa 14: ɓarzajjiyar masara 25, dusar masara 25, dusar alkama 20, soyayyen wake 20, kek ɗin angurya 7, garin dutsen farar ƙasa na abincin dabbobi 2, gishiri 1. Furotin ɗinsa zai kama wajen kashi 17. Garin dutsen ba ado ba ne: wake da dusa duk fosfaros ya fi yawa a cikinsu, kalsiyam kaɗan ne, ga shi madara kullum kwasarsa take. A ba da kilo 1 na haɗin kan kowace lita 2 da rabi. Mai lita 12 za ta ci wajen kilo 5, cikinsa wake kilo 1, wato mai giram 200. Idan aka haɗa da man da ke cikin dusa da angurya da ciyawa, jimillar mai tana wajen kashi 5 na abincinta duka. Kada a wuce 6. Wanda yake ba da angurya ɗungurungum, ba kek ba, ya rage waken, don ita ma mai ce kusan kashi 20.

A raba haɗin biyu, safe da yamma, bayan ta ci harawa ko kara, ba a kan yunwa ba. Farawa kuma da giram 250 na wake, a ƙara 250 duk kwana uku ko huɗu.

Likitar Dabbobi:

Sannunku da ƙoƙari, Malamai. Ina tare da Alhaji mai inji kan ruwa-biyu, amma kada a karanta bayaninsa a taro masu Bunaji su ɗauka da su ake. Saniyar da ke ba da lita 3, furotin ɗin da bakteriyar tumbinta ke haɗawa ya ishe ta, muddin su bakteriyar sun ƙoshi. Matsalarta da rani ita ce karan dawa furotin ɗinsa kashi 3 zuwa 5 ne, su kuwa suna buƙatar aƙalla 7 kafin su iya narkar da shi. Abin da take nema furotin ne mai narkewa a tumbi, akasin abin da suya ke yi. Rabin kilo zuwa kilo 1 na kek ɗin angurya, ko dami mai kyau na harawar wake ko ta gyaɗa, zai sa ta ci kara da yawa, ta riƙe jiki, ta nemi bijimi da wuri. Itace da wahalar suya a kanta asara ce. Ko an ba ta soyayyen, yawancinsa jiki zai tafi, ba ƙwarya ba.

Sai abin da ke kashe dabba, don shi ya kamata a fara karantawa. Ɗanyen waken suya da yuriya ba sa haɗuwa a cikin saniya ɗaya. Ɗanyen yana da sinadarin da ke farfasa yuriya nan take ta zama amoniya, warin da ke cikin kwalbar Alhaji ke nan, sai dai wannan karon a cikin tumbi. Wanda ke jiƙa kara ko bambaron shinkafa da yuriya, ko yake ajiye dunƙulen lasa mai yuriya da ruwan rake, ya nisanci ɗanye da wanda bai soyu ba. Alamun suna zuwa cikin minti 20 zuwa sa'a ɗaya: dalala, karkarwar fata, kumburin ciki ta hagu, tangaɗi, sai faɗuwa. A kira likita nan take. Kafin ya iso, binega ta girki lita 3 zuwa 4 da ruwan sanyi mai yawa suna rage gudun abin, amma a ɗura a hankali, kuma kada a ɗura wa wadda ta riga ta kwanta ba ta iya haɗiya, don huhu zai tafi. Saniyar da ta fasa sito ta ci wake ta ƙoshi ma haka za a ɗauke ta, ko da babu yuriya a gidan.

Maruƙa 'yan ƙasa da wata huɗu ba a ba su ɗanye sam, tumbinsu bai gama ginuwa ba, zawo za su yi su tsumbure. Angurya ma haka, saboda gubar gosifol. Soyayyen wake kuwa maruƙan suna cin moriyarsa.

Game da maiƙo, wani zai ce mu a nan a lita ake biyanmu, ba kamar Amurka ba. Gaskiya ne a cibiyoyin tattarawa, inda galibi gwajin barasa, don gano madarar da ta fara tsami, da na ma'aunin kauri, don gano wadda aka ƙara wa ruwa, ake yi, a karɓa ko a ƙi. Amma matan ƙungiyarku maiƙo suke sayarwa. Mai kaɗa nono ita za ta fara sanin an yi kuskure: ƙwaryar da ke ba ta curi biyar na man shanu ta koma ba ta uku, kindirmo ya ƙi kama jikinsa. In kun ji wannan ƙorafin, kafin a zargi waken a duba abubuwa uku. Ɓarzar ta yi laushi? An daddatsa kara ya yi ƙanana ainun? Tsawon gaɓar yatsa biyu, santimita 3 zuwa 5, shi ne daidai. Ciyawa da harawa sun kai rabin abincin ko dusa ta rinjaye su? Ku leƙa garke da tsakar rana: cikin shanun da ke kwance, aƙalla rabi su kasance suna tuƙa. Ku ɗebi kashi cikin rariya ku wanke da ruwa. Gutsattsarin wake masu yawa na nufin ɓarzar ta yi gwaza-gwaza ko abinci yana wucewa da sauri. Kashi mai ruwa da kumfa na nufin tumbi ya yi tsami.

Ruwan sha kuma. Ruwa-biyu mai lita 12 tana iya shan lita 60 zuwa 80 a ranar zafi. Wadda ake kai wa rafi sau ɗaya a yini, ko me ka zuba mata madarar ba za ta motsa ba.

Sakataren Ƙungiya:

Allah ya saka da alheri, Hajiya Likita da Malamai. Maganar nemo iri daga waje mun ajiye ta. Saura ta kuɗi, don ita za a fi yi mana gardama a kai: wanda ya noma buhu goma, ya soya ya ba shanu, ko ya sayar ya sayi kek ɗin waken suya daga kamfanin mai? Sannan akwai masu cewa dusar awara ta fi duka arha.

Ɗan Dawanau:

Ranka ya daɗe, farashi ba ya zama wuri ɗaya, don haka hanyar lissafin zan ba ka, ka sa kuɗin ranar. Buhun ɗanyen wake mai kilo 100 yana ɗauke da furotin wajen kilo 36 da mai wajen kilo 18. Kek na manyan kamfanoni, wanda aka tsotse mansa da sinadari, furotin kilo 44 zuwa 46 ne a kilo 100, mai kuwa 1 zuwa 2. Na ƙananan injinan matsa furotin ɗin ya ɗan gaza haka, amma akwai sauran mai kilo 5 zuwa 8. Raba kuɗin buhu da kilon furotin ɗinsa, ka ga nawa kilo ɗaya ya tsaya maka. A kan wake ka ɗora itace ko gas, da ladan mai juya ganga, da ɓarza. A kan kek ka ɗora kuɗin mota zuwa da dawowa da la'adar dillali. In furotin kaɗai ake kallo, sai wake ya faɗo ƙasa da kashi 80 cikin 100 na farashin kek kafin su yi kunnen doki. Amma man nan ba banza ba ne, kilo ɗaya na mai ya fi kilo biyu na masara ƙarfi, kuma sabuwar haihuwa mai ramewa shi take nema.

Yadda kasuwar take tafiya, da kaka, Oktoba zuwa Disamba, wake yana arha a Giwa da Saminaka da Funtuwa da nan Dawanau. Lokacin ajiye na shanu ke nan. Daga baya masu matsar mai da masu abincin kaji ke kwashe shi, su ne ke yanka farashi, mai shanu ɗan rakiya ne a wannan kasuwar. Idan ya yi tsada sosai wajen shigowar damina, sayarwa a sayi kek ta fi, ga shi lokacin ɗanyar ciyawa ta fito, buƙatar furotin ta ragu. Ajiyar kuwa sai waken ya bushe ƙwarai, ka ciza ya fashe ƙas, a ɗora a kan katako nesa da bango.

Kek ɗin da aka saya a buɗaɗɗen buhu a gwada shi. Zuba hannu guda a kofin gilashi mai ruwa, motsa, bar shi ya kwanta: yashi zai sauka ƙasa, ɓuntun shinkafa ya taso sama. Wanda ya yi fari fat mai gafi bai ji wuta ba, a yi masa gwajin kwalba. Wanda ya dunƙule ko yake warin fumfuna a bar wa mai shi.

Kuma ku daina awo da tiya. Tiyar wake da tiyar dusa nauyinsu ba ɗaya ba ne, ta wannan kasuwa ma ba ta waccan ba ce. Ƙaramin sikeli na rataye ya isa ƙungiya guda.

Malamin Kiwo:

Dusar awara tana da kyau, sai dai ruwa ake saya. Kusan kashi 80 nata ruwa ne, sai ka haɗa kilo 5 kafin ka samu kilo 1 busasshe, shi kuma furotin ɗinsa kashi 25 zuwa 30 ne. Wato bokiti mai kilo 5 bai kai kilo 1 na soyayyen wake ba, da wannan za a gwada farashin. Tana tsami cikin yini ɗaya a lokacin zafi, don haka ta yau a ba da ita yau, kilo 3 zuwa 5 ga saniya, a cuɗe da dusa. A tambayi mai awarar kuma: yawanci kafin a tafasa ruwan ake tace dusar, ke nan ɗanya ce, hukuncin Hajiya kan yuriya da maruƙa ya hau kanta.

Kafin taron da ke biye, ku ware ruwa-biyu shida da suka haihu a tsakanin wata guda, ku jera su biyu-biyu masu madara kusan ɗaya. A auna madarar kowacce safe da yamma na kwana 7 a rubuta. Uku su hau haɗin soyayyen wake, uku su hau irin haɗin da aka sa kek kilo 17 a madadin wake 20, a cike gurbin da masara. A bar kwana 14 su saba, a sake aunawa kwana 7. Madarar kowane ɓangare a ba mace ɗaya ta kaɗa daban, a ɗora man a sikeli.